Mastas a Sinanci: karatu ne ko ɓata shekara huɗu?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema kuma a faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Digirina a tarihi ne, na gama bautar ƙasa bara, to tun ina aji uku nake koyon Sinanci a waya da wani ɗan aji da muke yi da yamma, yanzu dai na ci jarrabawar iya Sinanci ta HSK mataki na 4. Akwai sikolashif ɗin mastas da nake nema a ƙasar Sin, kwas ɗin harshe da adabi ne da ɗan ɓangaren siyasar ƙasar, duk da Sinanci za a yi, shekara ɗaya ta ƙara gyara harshe sannan uku na karatun. A gida kowa gani yake na zare. Baba cewa yayi to in ka dawo su Sinawan zaka koya wa Sinancin? Kawuna kuma yace in dai shekara huɗu ce in zo shago ya bani jari kafin lokacin na yi aure na yi mota. Ni kuma wlh raina yana kan abin, amma bana so in je in dawo ina yawo da takarda a jaka.

Alhaji Mai Kwantena: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni shekarata goma sha ina zirga zirga Gwanzu da Iwu, bari in gaya maka abinda na gani da idona. Yaran da suke mana tafinta a unguwar Shiyawbe ta Gwanzu babu mai mastas ko ɗaya, wasu ko digirin basu gama ba, kuma suna samun kuɗin da lakcara baya gani. In kuɗi kake nema harshen kawai ya isheka, shekara ɗaya ka goge bakinka ka shigo kasuwa. Adabi kuma me za ai da shi, waƙar Sinawa zaka karanta wa mai masana'anta ya rage maka farashin takalmi?

Na Bakin Kasuwa: Hhhh Alhaji ka gama magana. Amma dai ai an ce ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne

Malam Mai Alli: Wannan maganar malaman hadisi sun daɗe da cewa bata inganta ba, a daina jingina ta ga Annabi SAW. Neman ilimi yana da hujjojinsa ingantattu ba sai an ara wannan ba. Mu dawo kan tambayar yaron.

Ɗan Kurmi ina so ka fara raba abu biyu a kanka domin Alhaji ya haɗe su, kuma ba laifinsa bane, daga inda yake tsaye haka abin yake. Iya harshe daban, nazarin ƙasa daban. Wanda ya iya Sinancin kasuwa zai saya ya sayar, amma ka miƙa masa takardar shirin shekara biyar biyar da gwamnatinsu take fitarwa, ko sharhin jaridar jam'iyya, kace ya gaya maka me ya canza tsakanin na bana da na baya, zai tsaya yana kallonka. Su mutanen nan da canjin kalma ɗaya suke sanar da canjin manufa, sai wanda ya san yadda ake faɗa a da ne zai lura an canza. Wannan shi ake koya a mastas in an yi shi da gaske. Kuma kai da ka yi tarihi ka sani cewa in zaka taɓa wani abu da aka rubuta kafin wajen 1919 to ba wannan Sinancin na HSK bane, akwai tsohon harshen rubutu da suke kira wenyan, kamar dai ka koyi Larabcin kasuwar Jidda a ce ka zo ka fassara waƙoƙin Jahiliyya. HSK 4 kalmomi wajen 1,200 ne a tsohon tsarin, na 5 dubu biyu da ɗari biyar, na 6 dubu biyar. Da 1,200 zaka sayi abinci ka hau jirgin ƙasa, ba zaka zauna a aji ana muhawara kan adabi ba. Ba karya maka gwiwa nake ba, nisan tafiyar nake nuna maka.

Ɗan Kurmi: Na gode Malam, wlh na san da sauran aiki, ko labarai in na kunna rabi nake kamawa

Alhaji Mai Kwantena: To Malam naji, amma wa zai biya shi kuɗin karanta sharhin jaridar? Nan fa ake yinta

'Yar Damagaram: Salamu alaikum, ku bani dama in sa baki don abin ya taɓa ni. Mu nan Nijar matatar mai ta Damagaram tun 2011 take aiki kuma da Sinawa aka yi ta, bututun da ya tashi daga Agadem ya bi har gaɓar teku a Benin kusan kilomita dubu biyu shi ma su ne. Kenan arzikin ƙasa mafi girma da muke taƙama da shi yanzu da su muke zama a teburi. Ni na taɓa yi ma wani kamfani aikin sakatariya, in aka zo zama su sukan zo da yaransu masu jin Faransanci kamar an haife su a Paris, mu kuma ba ko mutum guda a ɓangarenmu da zai ji abinda suke faɗa ma junansu, sai su juya su yi maganarsu minti biyar a gabanmu muna murmushi, tafintan kuma nasu ne, abinda ya ga dama shi zai juyo muna. Alhaji kace wa zai biya, ni kuma nace muna biya tun tuni, kawai ba ma ganin rasit ɗin ne.

Kuma wani abu, mutane da yawa basu san Nijar ta taɓa yanke hulɗa da Beijing ta koma wajen Taiwan a 1992 sannan ta dawo a 1996 ba. Ku a Najeriya ma a 2017 an sa ofishin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas. Duk waɗannan shawarwari ne da ake yanke ma, sai ka tambaya wa ke ba shugabanni shawara a kai, wa ya karanci tarihin rabuwar Sin da Taiwan a 1949 da harshen masu abin?

Malam Mai Alli: Allah ya miki albarka Hajiya. Ku ƙara da wannan: gidan rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa tun 1963, shekara takwas kafin ma Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da su a 1971. Jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing tana koyar da Hausa har yau, zaka ga Basine da sunan Hausa yana maka karin magana. Mu kuma cibiyoyin Confucius da aka sani a Najeriya ɗaya a jami'ar Legas ɗaya a Awka, duk a kudu.

Basakkwace a Koriya: Malam ba Sin kaɗai ba, nan ma jami'ar Hankuk ta harsunan waje suna koyar da Hausa tare da Swahili da Zulu. Ran da wata yarinya ta ce min ina kwana a harabar makaranta saura kaɗan in faɗi. Ɗan Kurmi in baka riga ka ƙulle kanka da Sin ba ka duba sikolashif ɗin GKS na gwamnatin Koriya, su ma shekara guda ta harshe sannan biyu na mastas, sai dai dole ka ci jarrabawar Koriyanci ta TOPIK mataki na 3 kafin su barka ka shiga kwas ɗin. Rubutunsu kam sadaka ne, haruffa 24, Sarki Sejong ya sa aka ƙirƙira a 1443 don talaka ya iya karatu, cikin sati guda na fara karanta allon shaguna. Inda wuyar take shine girmamawa, aikatau ɗin kansa canzawa yake gwargwadon wanda kake magana da shi, ni da na zaci mu Hausawa mun iya ladabi da ku da ranka ya daɗe, na zo nan na yi wa farfesa magana da sigar da ake yi wa aboki, ajin ya yi tsit kamar an yi mutuwa.

Na Bakin Kasuwa: To ai sai ka koma kallon fim ɗinsu ka huta hhh

Ɗan Kurmi: Yaya na gode amma na riga na zuba shekara uku a Sinanci, in na koma Koriyanci kamar na rushe gini ne na fara tono. Kuma ni abinda ya taimake ni a Sinanci shine karin sauti, turawa suna kuka da shi amma mu muna da shi, kamar kuka na hawaye da kuka ta miya. Su nasu huɗu ne, ma ɗaya tak zata iya zama uwa ko doki ko zagi. Malaminmu yace kunnenmu ya riga ya saba.

Ɗalibi a Gansu: Kunne ya saba amma hannu bai saba ba ɗan uwa, bari ka fara rubuta haruffa dubu uku da hannu a jarrabawa. Ni ina shekara ta biyu a irin kwas ɗin da kake nema don haka bari in baka daga ciki. Alawus ɗin mastas na sikolashif ɗin gwamnati yuwan dubu uku ne a wata da ɗaki kyauta, a garuruwan arewa maso yamma yana isa har ka ɗan ajiye, a Beijing ko Shanghai kam sai ka ɗaure ciki. Abinci ba matsala a nan, ko'ina akwai shagon taliyar naman shanu ta musulmi 'yan ƙabilar Hui, in ka ga 清真 a ƙofa ka shiga kawai halal ne.

Amma ga abinda nake so ka sani tun kafin ka taho. Ni na zo ne da niyyar rubuta kundina a kan wani rubutu da ake kira shiyaw'arjin, wato Sinanci da haruffan Larabci, ajaminsu kenan sak. Ranar da na fara ganinsa a Linxia, garin da suke ce wa ƙaramar Makka, wani dattijo ne ya fito min da ɗan littafin koyon sallah takardar ta yi ja don tsufa, sama Larabci ƙasa fassara da ajamin, na kalla na kalla sai naga kamar littafin Ahalari na kakana mai fassarar ajami a gefe, har yadda suke ƙara ɗigo don sautin da babu a Larabci irin yadda muke yi. Kuma a garin akwai 'yan Ƙadiriyya da hubbaren shehinsu, na ce masa a garinmu ma akwai, dattijon nan ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Na dawo da zumuɗi na kai wa sufabaiza, ya saurare ni tsaf, ya zuba min shayi, sannan yace maudu'i ne mai kyau amma bai dace da wannan lokacin ba, me zai hana in duba yadda ake koyar da Sinanci a Afirka ta Yamma. Ba faɗa ba tsawa, amma na gane. Yanzu abinda nake rubutawa kenan.

'Yar Damagaram: Kai, wannan abin takaici ne wallahi

Malam Mai Alli: To kun ji inda nake son a zo. Wannan ita ce babbar tambayar da ta fi ta Alhaji nauyi a wajena: in siyasar Sin zaka karanta, a Sin ya kamata ka karance ta? Akwai abubuwan da ba a buɗe su a aji a can, Xinjiang, Tibet, Taiwan, abinda ya faru a dandalin Tiananmen a 1989. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ta bashi ɗaki da alawus, da wuya ya dawo yana iya cewa ga inda suka yi kuskure. Ina da ɗalibai da suka dawo, harshe kam ma sha Allah, amma in ka tambaye su kan bashin layin dogo sai su maimaita maka abinda ke cikin takardar ofishin jakadanci.

Ɗalibi a Gansu: Malam da girmamawa amma nan ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Wanda ya je SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka a Landan, ko Leiden ko Amurka shi ma ai da tabarau yake dawowa, nasu ne kawai muka saba da shi har bama ganinsa. SOAS ɗin da aka kafa a 1916 ai don horar da ma'aikatan mulkin mallaka aka yi ta, Hausar ma da suka koyar asalinta kenan. Ni a nan na hau jirgin ƙasa mai arha na awa ashirin tare da 'yan ci-rani masu komawa ƙauye, na ji yadda tsarin hukou, wato rajistar garin asali, yake hana ɗan ƙauye cin moriyar makaranta da asibitin birnin da yake wa aiki, daga bakinsu na ji ba daga littafi ba. Abinda ba a faɗa a aji ana faɗarsa a teburin cin abinci in an yarda da kai. Wanda yake Landan yana da 'yancin rubutawa amma bashi da waɗannan mutanen.

Malam Mai Alli: Ban ce Landan ba tabarau ba. Cewa nayi a can in ka rubuta abinda sufabaiza baya so zai yi maka jan biro ne, ba za a ƙi sabunta maka biza ba. Shawarata ga mai son ilimin da gaske ita ce ya yi harshe da mastas a Sin, ya tara mutane da ido, sannan in Allah ya buɗa ya yi digirin digirgir a wani wuri inda zai rubuta abinda ya gani. Kai ma kundin ajamin nan kar ka jefar, ka ɗauki hotunan da aka baka izini ka adana.

Ɗalibi a Gansu: Suna nan Malam, a wuri uku ma na ajiye

'Yar Damagaram: Ga masu Faransanci akwai INALCO a Paris, suna koyar da harsuna wajen ɗari har da Hausa da Sinanci, sai dai bursu ɗin ne wuya yanzu da yadda al'amura suke tsakaninmu da Faransa

Maman Biyu: Ni dai ina ta karatu ina jira wani ya ambaci Indiya shiru, kamar Asiya Sin ce kaɗai. Jama'a mu da muka shekara fiye da hamsin muna kallon fim ɗin Indiya, har 'yan bandiri suna ɗaukar karin waƙoƙinsu suna yabon Annabi da shi, finafinanmu na Kano rawa da waƙar daga can muka ɗauko, amma nawa ne a cikinmu suka karanci ƙasar a ilimance? Wani bature Brian Larkin shi ya zo Kano a shekarun 1990 ya yi bincike a kan wannan, sai Farfesa Abdalla Uba Adamu da ya yi rubutu sosai, amma daga ɓangarenmu ake kallo, wanda zai je can ya koyi harshen ya duba daga nasu ɓangaren fa?

Ni na bi maigidana Delhi da ya je karatu, zaman banza ya ishe ni na shiga ajin Hindi daga nan na zarce mastas. Na tafi ina taƙama na iya Indiyanci saboda fim, ranar farko aka rubuta abu a allo da haruffan Devanagari ban gane ko alif ba. Daga baya na fahimci yawancin kalmomin da muke ji a fim ɗin da har muke cewa ai Indiyanci kamar Hausa ne, duniya, kitab, wakt, insan, muhabbat, Larabci da Farisanci ne da suka shigo ta Urdu, shi yasa kunnenmu yake kama su. Hindin jarida da na gwamnati kuwa daga Sanskrit yake ɗebo kalmomi, wani abu ne daban. Kuma finafinan da ake fassara mana yanzu masu faɗa da tashin mota sama da yawansu ba Hindi bane, Telugu ne da Tamil na kudu, harsunan da basu da dangi da Hindi ko kaɗan. Tsarin mulkinsu harsuna 22 ya lissafa.

Na Bakin Kasuwa: Hajiya kin rusa min yarinta, wato duk Indiyancin da nake ji Larabci ne

Maman Biyu: Hhh rabi dai. Abinda ya fi burge ni a karatun shine Kalila wa Dimna da ake karantawa a zaurukanmu, asalinsa littafin Sanskrit ne Panchatantra, aka juya shi zuwa tsohon Farisanci a ƙarni na 6, Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na 8, ya biyo rairayi har ya iso mana. Ko akun nan mai ba da labari dare bayan dare don ya hana mutum fita, wanda duk ɗan firamare ya sani a Magana Jari Ce, akwai tsohon tsari irinsa a labaran Indiya da Farisa. Wato Alhaji adabin da kake cewa me za ai da shi, tun kafin kwantena shi ya fara isowa.

Alhaji Mai Kwantena: Hajiya na sallama miki a nan amma har yanzu ba wanda ya gaya min albashin

Tsohon Ɗalibin Maleshiya: Ni laifinmu zan faɗa. Mu ɗaruruwa muka je Maleshiya daga jami'o'in arewa muka yi mastas da digirin digirgir, shekara uku huɗu wasu biyar, muka dawo ba wanda zai iya haɗa jimla biyar da Malayanci banda terima kasih, wato na gode, ni ma ina ciki. Da Turanci muka yi karatu, da 'yan Najeriya muka zauna, tuwo muka ci. Alhali harshen ba karin sauti, da haruffan boko ake rubutawa, cike da kalmomin da muka sani, waktu lokaci, kabar labari, sabun sabulu, kuma suna da ajaminsu Jawi. Indonesiya ƙasar da ta fi kowace yawan musulmi, yadda suke tafiyar da makarantun pesantren nasu na allo da kwana tare da boko abu ne da ya kamata a ce wani namu ya zauna ya karance shi da harshensu saboda matsalar almajiranci, ga hukumar Tabung Haji ta Maleshiya ta adashin aikin hajji tun 1963 da muke ta kwaikwayo daga nesa. Muna can muka rubuta kundi a kan Najeriya muka dawo.

Malam Mai Alli: Wannan gaskiya ce mai zafi Dakta. Alhaji ga amsarka ba ɓoye ɓoye: aikin koyarwa a jami'a gurbinsa kaɗan ne domin sassan ma babu su a yawancin jami'o'inmu, sai dai ya shiga ta tarihi ko kimiyyar siyasa ko nazarin harsuna. Ma'aikatar harkokin waje ba kullum take ɗauka ba kuma kowa ya san yadda ake shiga. Abinda yake a hannu shine kamfanoni, fassarar takardu da kwangila, kafafen yaɗa labarai, da bincike wa ƙungiyoyi. Zai iya dawowa ya shekara biyu yana tafinta a wajen aikin titi kafin ƙofa ta buɗe, wannan ya sa a ransa. In ba zai iya jure haka ba ya karɓi jarin kawunsa.

Ɗan Kurmi: Zan iya Malam in sha Allah. Ni dai abinda Yaya na Gansu ya faɗa ne ya tsaya min, don ni ma ɓangaren musulmin Sin nake so, amma gara da naji tun yanzu. Ina ganin zan rubuta musu maudu'in tarihin kasuwanci tsakanin Kano da Gwanzu, wannan ba wanda zai ce bai dace da lokaci ba, kuma ga su Alhaji zan yi wa tambayoyi

Alhaji Mai Kwantena: Ni zaka yi bincike a kaina? To shikenan amma sai ka fara cin jarrabawata. Akwai wata takarda da na ajiye tun 2019, na ba wata masana'anta kafin alƙalami na jakunkunan makaranta, suka ƙi yin kayan a kan lokaci har kakar komawa makaranta ta wuce, da kyar tafintana ya karɓo min kuɗina cif cif har na bashi tukwici don murna. Ga hoton nan na turo, karanta min inda aka ja layi in gani ko HSK ɗin naka na gaske ne

Ɗan Kurmi: Alhaji na gani, 定金 aka rubuta, dingjin, kafin alƙalami kenan, sai adadin kuɗin da kwanan watan da za su kawo kaya

Ɗalibi a Gansu: Tsaya tsaya. Alhaji ƙara hasken hoton. Ɗan Kurmi duba harafin farko da kyau, 定 ne ko 订?

Ɗan Kurmi: 定 ne, mai rufi a sama

Ɗalibi a Gansu: Inna lillahi. Alhaji kalmomi biyu ne da ake furta su iri ɗaya sak, dingjin da dingjin, har karin sautin ɗaya, a baki ba zaka taɓa bambancewa ba sai a rubuce. 订金 kuɗin somi ne kawai, in ciniki ya lalace a mayar maka da abinka. Amma 定金 a dokarsu jingina ce, in kai ka fasa ka rasa kuɗin, in su suka saɓa ninki biyu za su biya ka, matuƙar bai wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin kwangilar ba. Taka mai ninki biyun ce.

Alhaji Mai Kwantena: Kana nufin ninki biyu ya kamata su bani??

Ɗalibi a Gansu: In dai yadda ka faɗa ne su suka saɓa, eh. Ko dai tafintan bai san bambancin ba, ko kuma ya sani.

Na Bakin Kasuwa: Ko kuma ya sani hhhhh Alhaji har da tukwici

Alhaji Mai Kwantena: Yanzu ba abinda za a yi?

Ɗalibi a Gansu: Wa'adin kai ƙara a irin wannan ya riga ya wuce Alhaji

Alhaji Mai Kwantena: Allah ya isa. Ɗan Kurmi turo min lambar kawun naka ta akwati ni zan masa magana, kuma akwai wasu takardun guda huɗu a durowa bari in je gida in ɗauko